Tsayuwar Musulmi a Gaban Dutsen Zuma

Duk wanda ya tashi daga Minna ya bi ta Paiko da Lambata, da ya wuce Suleja ya doshi Madalla, sai ya ga Dutsen Zuma ya tokare sama shi kaɗai a fili, da wata kama ta fuskar mutum a jikinsa; kuma tun da aka buga surarsa a takardar naira ɗari a 1999, masu tsayar da mota don su kalle shi sai ƙaruwa suke yi, har makarantu kan kwaso ɗalibai takanas ta Kano. Wannan ne ya sa wasu masu tsantseni suke tambaya, shin ya halatta Musulmi ya yi tattaki domin dutse, balle dutsen da aka san Koro da Gwari na dā suna girmama shi, suna kai masa yanka?

Tambayar tana da asali, domin kuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta inkari a kan masu yi wa itatuwa da duwatsu yanka, kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ko Hajarul Aswadi da ya zo sumbata, sai da ya bayyana cewa ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Manzon Allah kaɗai ya sa ya sumbace shi. Saboda haka wanda ya je Zuma neman tabarruki, ko biyan bukata, ko don tsoron iskokin da ake cewa suna ciki, hukuncinsa a fili yake, ba sai an tsawaita ba.

Amma akwai wata jama'a da ta yi shekaru aru-aru tana duban irin waɗannan duwatsu da wani ido dabam, wato fatake, kuma a ganina a wurinsu ya kamata mu ɗauki karatu. Kafin layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya ratsa Minna, ya kammala a 1911, ƙasar nan tamu mararraba ce ta ayari: wasu sukan taso daga Kano su bi Zariya da Birnin Gwari su ƙetare Kwara su nufi Gwanja sayen goro, wasu su gangara Bida da Ilori, ɗauke da kanwa da fatu da baƙaƙen riguna na rini a kan jakai da takarkarai, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, malamin ayari yana duba ranar tashi yana riƙe da lissafi. Ita kanta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan an kashe ɗan'uwansa Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, sai a zamanin Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, ta buɗe ƙofar ciniki da Bida da Zariya. Mutumin da yake tafe a ƙasa cikin kurmi da doguwar ciyawa, ba taswira ba agogo, idan ya hangi Kufena ya san Zariya ta kusa, idan ya hangi Kwatarkwashi ya san yana tsakiyar Zamfara, idan kuwa Zuma ce ta ɓullo masa, sai ya ƙiyasta sauran tafiyarsa zuwa zango, ya san inda ruwa yake da inda za a biya kuɗin fito, ya gode wa Allah, ya kaɗa jakinsa ya wuce. Wannan shi ne amfanin da Suratun Nahli ta ambata, inda aka jera duwatsu da koguna da hanyoyi da alamomi da taurari cikin ni'imomin da bayi suke shiryuwa da su. Bafatake ya ɗauki dutsen a matsayin da Mahaliccinsa ya ajiye shi, wato abin da yake nuna wani abu a gabansa, alhali mai tsafi ya tsaya a kan dutsen kansa. Kuma ina jin tsoron mai ɗaukar hoto na yau, wanda ba ya tambayar kome, shi ma a nan ya tsaya, ko da yake nasa gafala ce, ba ta kai shirka ba.

Sunna ta nuna mana hali biyu game da wurare. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ƙaunarsa ga Dutsen Uhudu, inda aka binne Hamza da sauran shahidai. Amma da ya bi ta Hijir, ƙasar Samudawa, a tafiyar Tabuka cikin shekara ta 9 bayan Hijira, sai ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka halaka sai suna masu kuka, ya kuma gaggauta wucewa. Duwatsun hanyar fatake sun cancanci halin nan biyu a haɗe. Ta gefensu malamai da alhazai suka wuce da littattafai a gafaka, har Musulunci ya zauna a zangunan Salaga da Kumasi; ta gefensu kuma aka wuce da bayi ɗaure, da yawansu 'ya'yan Gwari da Kambari da sauran ƙabilun wannan yanki, waɗanda hare-haren irin su Nagwamatse na Kontagora suka raba da iyayensu, har mutanen Minna na farko suka gwammace zama a kan tudu don tsira. Mai ziyarar da ya tuna malamai ya manta da bayi, i'itibarinsa bai cika ba.

A Amurka akwai wani dutse a jihar Wayomin da ake kira Independence Rock, a kan hanyar masu ƙaura zuwa Oregon da kekunan shanu, inda dubban matafiya na tsakiyar ƙarni na 19 suka sassaƙa sunayensu, har yau jikokinsu suna zuwa dubawa. Wannan ba al'adar fatakenmu ba ce, balle bawan da ba a bar masa ko sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sai dai Suratuz Zalzala ta sanar da mu cewa ƙasa za ta ba da labarinta ranar Alƙiyama, to, babu sawun da ya ɓace a wurin Allah, a wurinmu ne kawai ya ɓace. Shi ya sa nake roƙon malaman makarantun Minna, idan za su kai yara Zuma, su fara aika su wurin dattawan Suleja da Bida da Wushishi da Kontagora, waɗanda kakanninsu suka yi fatauci ko aka yi fatauci da su, su tambayo inda zanguna suke da mashigan koguna da sunayen madugai, su rubuta, tun da sauran masu iya faɗa.