Ko Ya Halatta Mutum Ya Gyara Halitta?

Da wuya a sami ekklesiya a ƙasarmu wadda ba ta binne yaro saboda ciwon sikila ba, watau amosanin jini. Ciwon gado ne. Idan miji da mata dukansu suna da jinin AS, kowane cikin da matar ta ɗauka yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Nijeriya kuwa ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da shi.

A watan Nuwamba 2023 hukumar magunguna ta Ingila ta yarda da wani magani mai suna Casgevy, a Disamba kuma Amurka ta bi sawu. Ga yadda ake yinsa. Likitoci sukan ɗebo ƙwayoyin da suke haifar da jini daga jikin majiyyaci, su yanke wani ɗan wuri cikin rubutun gado da ke cikinsu. Dabarar yankan nan mata biyu ne suka bayyana ta a 2012, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, aka ba su lambar Nobel a 2020. Bayan gyaran, ƙwayoyin sukan soma yin irin jinin da jariri yake da shi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Kafin a mayar da su sai an kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, wannan kuwa yana iya hana mutum haihuwa.

Waɗansu masu bi sun ce wannan shiga hurumin Allah ne. Ni ban ga haka ba. Mutum yana ciwo, ya zo neman taimako, an gaya masa haɗarin, ya yarda, gyaran kuma a jikinsa kaɗai zai tsaya. Me ya raba wannan da lambar agana da aka yi wa kakanninmu? Cikin Yohanna sura 9, da almajirai suka so su san zunubin wane ne ya sa aka haifi mutumin nan makaho, Ubangiji bai ɗora wa kowa laifi ba, bai kuwa bar shi a makance ba don an haife shi haka. Luka ma likita ne, Bulus bai ce ya bar aikinsa ba.

Amma akwai wani al'amari dabam. A Nuwamba 2018 wani masani a ƙasar Sin mai suna He Jiankui ya sanar da duniya an haifi tagwaye mata waɗanda ya gyara rubutun gadonsu tun suna ƙwai, wai don kada su kamu da cutar ƙanjamau. Almakashin ɗaya ne, aikin ba ɗaya ba. Yaran nan ba su da ciwo. Akwai hanyoyin da aka sani na kare su. Ba wanda ya tambaye su, gama ba su da bakin amsawa tukuna. Abin da aka sāke a jikinsu kuma yana iya bin 'ya'yansu da jikokinsu, ko ya yi kyau ko bai yi ba. A Disamba 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3. Hukumar da ta hukunta shi ba da Littafi Mai Tsarki take shari'a ba, duk da haka ta gane an ƙetare iyaka. Mu da muka karanta cikin Farawa cewa cikin surar Allah aka yi mutum, mun san dalilin: ɗa amana ne a hannun iyaye, ba gonar gwaji ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne don mutum ɗaya. Ko an haɗa baikon gundumarmu na shekaru da yawa ba zai biya wa yaro guda ba. Saboda haka saurayin da ya ce wa fasto, ba komai, masana sun riga sun sami magani, yana ruɗin kansa, yana ruɗin budurwarsa kuma.

Dattawan ekklesiya da yawa sukan nemi takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure. Daidai ne. Amma sau da yawa akan nema ne bayan an kai kaya, an sa rana, zukata sun riga sun haɗu, sa'an nan a raba su da hawaye, ko su je su sayo takardar ƙarya. Ya kamata matasa su san jininsu tun suna aji na baftisma. In kuwa biyu masu AS sun ji bayani duka suka nace, a ganina aikin dattawa gargaɗi ne mai ƙarfi, ba kora ba. A lura kuma da yadda muke wannan magana daga bagade, gama masu SS suna zaune a kan benci suna ji, iyayensu ma suna ji, kada su fita da tunanin cewa ekklesiya ta fi so da ba a haife su ba. Suna bukatar gidan sauro, da magani a kan kari, da 'yan'uwa masu zuwa asibiti su ba da jini ran da aka kira.