Ladan Mai Juya Dukiya: Halas Ne, Amma An Bayyana Shi?

'Yan'uwa Musulmi, mai karɓar kuɗin asusu da ke bin rumfuna daga Sabon Gari har Tibiri, mun san ladansa: zubin yini ɗaya cikin wata. Sau ɗaya yake ɗauka, a gaban idon mai kuɗi. Kamfanonin da ke juya dukiyar mutane cikin hannun jari kuwa, nasu ladan daga dukan dukiyar suke yankar sa, kowace shekara, ko an ci riba ko an faɗi.

Mu yi lissafi. A ce mutum ya ba da sefa miliyan 1, kasuwanci na halas yana kawo kashi 7 cikin 100 a shekara, ribar tana komawa kan uwar kuɗi. Bayan shekara 30 zai tarar da kusan miliyan 7.6. In ana cire kashi 2 duk shekara, miliyan 4.3 zai tarar. Miliyan 3.3 sun salwanta, domin kowace dala da aka cire ta tafi har da 'ya'yan da za ta haifa.

A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi umarni a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Zakka kashi 2.5 ce, kuma haƙƙin Allah ce. Idan an ji wa dukiya tsoron wannan, yaya abin da ya kusa kai ta, wanda kuma ba ya zuwa hannun miskini?

Ba mu ce lada haramun ba ne. Ɗaukar wakili da ijara ya halatta. Sai dai a ƙirali, malamanmu na Malikiyya sun ɗaura rabon mai juyawa a kan riba: in babu ita, wahalarsa ta faɗi tare da ta mai dukiya. Lada tsayayye ya raba su, ɗaya yana kwana da fargaba, ɗaya yana barci.

Za a ce ai da yardarsa ya sa hannu. Manomin Jiratawa da aka miƙa wa takarda da Faransanci, aka ce masa "kashi biyu kacal", da biyun ya yarda, bai yarda da miliyan ukun ba, don ba a nuna masa su ba. A ganinmu, wajibi ne wakili ya faɗi ladansa da sefa, shekara bi shekara, kafin a ƙulla. Wallahu a'alamu.