Wa Zai Yi wa Mamatan Potiskum Marsiyya?

Ranar 10 ga Nuwamba 2014, wani ɗan ƙunar baƙin wake sanye da kayan makaranta ya kutsa cikin ɗaliban sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Potiskum, suna kan layin taron safe, ya tashi bam. Yara fiye da 40 suka rasu. Kafin nan an ga ta'asar garin Mamudo a Yulin 2013, da ta kasuwar shanun Potiskum a Mayun 2012. An yi jana'iza, an karɓi gaisuwa, an roƙa musu gafara, kuma haka addini ya ce a yi. Sai dai yau da gobe, abin da ke saura a bakin jama'a, a unguwannin garin, bai wuce lissafi ba: mutum kaza, rana kaza. Ni a ganina mamatan nan suna binmu bashin marsiyya, kuma biyan bashin bai ci karo da haƙuri ba.

Abin da ya sami Yahudawan Turai a Yaƙin Duniya na Biyu ya isa hujja. 'Yan Nazi sun hallaka kimanin miliyan 6 daga cikinsu, adadin da kunne ke ji amma zuciya ba ta iya ɗauka. A unguwar da aka killace su a birnin Vilna, mutane sun yi ta tsara waƙoƙi cikin harshen Yidish. Wani mawaƙinsu da ya tsira, Shmerke Kaczerginski, ya bi waɗanda suka rage yana rubuta abin da suka haddace, har aka buga waƙoƙi sama da 200 a New York a 1948. A ciki akwai waƙar reno, inda uwa ke lallashin ɗanta ya yi shiru, alhali an tafi da ubansa dajin Ponar, inda ake harbe mutane a gefen rami. Takarda tana ƙonewa, ana kuma ƙwace ta a bakin ƙofa, amma abin da kari da amshi suka dasa a ka yana fita tare da mai shi. Wani abin kuma, duk wanda ya rera waƙar nan dole ya ari bakin uwar, ya yi lallashin da muryarsa. A nan ne miliyan 6 ke komawa mace guda da goyonta.

Wani zai ce ai kiɗa ba shi da amana, kuma bai yi ƙarya ba. A sansanin Auschwitz an tilasta wa fursunoni kiɗa a bakin ƙofa yayin da ake kora 'yan'uwansu aikin bauta. A sansanin Theresienstadt, cikin Yunin 1944, an sa mawaƙa sun rera wa wakilan Red Cross don a nuna lafiya lau ake zaune, bayan 'yan watanni aka tura jagoransu Rafael Schächter Auschwitz, bai dawo ba. Mu ma mun ji yadda Boko Haram ke cusa waƙe cikin bidiyonta. Amma da wannan za a hana marsiyya, da an hana wa'azi, tunda shi ma azzalumai sun sha ara. Abin dubawa shi ne wa ke waƙar, kuma gaskiyar wa take ɗauke da ita.

Ƙorafin da ya fi nauyi na malamai ne: Musulunci ya hana kururuwa da marin fuska da yaga tufafi a kan mamaci. Gaskiya ne, domin wannan jayayya ce da hukuncin Allah. Marsiyya daban take. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, Hassanu ɗan Sabit ya yi wa Annabi marsiyya, Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo, ba a kuwa taɓa zarginta da ƙarancin tawakkali ba. Wanda ke ƙyamar kayan kiɗa yana iya ajiye su, murya kaɗai ta wadatar, kamar yadda ta wadatar a Vilna.

Akwai kuma mai cewa, da abin da ke faruwa a Gaza, me ya kai mu tausayin Yahudu? Yaron da aka harbe a Ponar bai zalunci kowa ba, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, saboda rai ne. Zuciyar da ta san zafin Gaza ita ta fi cancanta ta gane wannan.

Sha'iran Potiskum, iyayen ɗaliban nan suna raye, suna riƙe da sunayensu da abin da kowannensu ya so ya zama. Ku je ku gaishe su, ku nemi izininsu, ku tsara baitocin tun masu ba da labarin suna nan.