Tsada da Daraja a Mizanin Shari'a

A watan Oktoba na shekarar 2018, a ɗakin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York, an sayar da kwalba guda ta giyar inabi mai suna Romanée-Conti, wadda aka tatsa a lardin Burgundi na ƙasar Faransa a 1945, a kan dala 558,000, saboda kwalabe 600 kacal gonar ta bayar a waccan shekara, kuma mawadatan duniya suna gasar mallakarsu. Duk ɗalibin Samaru da ya ji wannan labari, alhali yana sane da cewa a wasu lungunan Sabon Gari ana sayar da ƙwaryar burukutu da kuɗi ƙalilan, wajibi ne ya tambayi kansa: shin mene ne yake sa abu ya zama dukiya?

Malamanmu na Zazzau, waɗanda suka daɗe suna karantar da Muhtasar na Shaihu Halilu a zaurukansu, sun bayyana cewa ciniki ba ya inganta face abin sayarwa ya kasance mai tsarki, mai amfani halattacce, sananne, wanda ake iya miƙa shi ga mai saye. Saboda haka hamru, wato giya, ko ta fito daga tukunyar ƙasa ko daga rumbun sarakunan Turai, hukuncinta ɗaya ne, kuɗinta kuwa haramun ne. Gwanjo a kan kansa ya halatta, matuƙar babu najashi, wato ƙara farashi domin ruɗar wani.

Abin lura mafi girma ya faru ne bayan 1985, lokacin da aka sayi wata kwalbar giyar inabi ta Lafite da aka ce ta 1787 ce a Landan a kan fam 105,000, daga bisani murfinta ya bushe ya faɗa ciki, abin da ke cikinta ya lalace. Attajirai sun kira wannan hasara. Amma a wurin fuƙaha'u, giyar da ta juye da kanta ta zama ruwan kal ta tsarkaka, cinikinta ma ya halatta. Ashe kasuwa tana auna ƙarancin abu da kwaɗayin masu nemansa, shari'a kuwa tana auna maslahar hankalin ɗan Adam, wanda kiyaye shi yana cikin manyan manufofinta biyar. Ya kamata matasanmu su riƙe wannan mizani kafin yawan kuɗi ya ruɗe su.