GADO KO ZAƁI? TSOKACI A KAN BANGASKIYAR YARO A IKKILISIYA

Duk wanda ya taɓa wayar gari ran Lahadi a wata unguwar Kirista a Jos, ko Kafanchan, ko Numan, ya san yadda safiyar take. Tun rana ba ta yi zafi ba za a ga yara sun jeru a hanya, an yi musu wanka an shafe su da mai, ƙanana riƙe da hannun yayyensu, kowa ya dunƙule 'yan kuɗin baikonsa a tafin hannu kamar wanda ya kama fara. Majami'a suka nufa, inda malaman makarantar Lahadi, wadda jama'a suka fi sani da Sande Sukul, ke jiran su da waƙa da labari da ayar haddacewa. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma in mai kallo ya natsu zai lura da cewa a cikin wannan ayari babu ko ɗaya da aka tambaya ko yana son zuwa.

Daga nan tambayarmu ta taso. Malaman Kirista, duk da yawan saɓaninsu, sun haɗu a kan cewa bangaskiya al'amarin zuciya ce, ba a rabonta kamar gona ko shanu, ba kuma wanda zai ba da gaskiya a madadin wani har abada. Su ɗin ne kuma suka haɗu a kan cewa wajibi ne iyaye su reni 'ya'yansu cikin bangaskiya. To, yaya mutum zai miƙa wa ɗansa abin da ba a iya miƙawa hannu da hannu? In kuwa ya yi nasara yaron ya tashi mai bi, bangaskiyar ta wa ce, ta yaron ko ta ubansa? Mun san wannan tambaya tana ƙwanƙwasa ƙofar duk gidan da ake addini a cikinsa. Mun tsaya a kan ikkilisiya ne domin a can saɓanin ya fito fili, har ya raba hanya.

Anglikan da Katolika da Lutheran suna yi wa jariri baftisma, iyaye da masu tsaya masa su ɗauki alkawari da bakinsa, sai ya yi wayo sannan ya zo gaban bishop ko fasto ya tabbatar da abin da aka faɗa a madadinsa. ECWA da Baptis da EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ba sa yin haka. Su miƙa jariri suke yi ga Allah da addu'a, baftisma kuwa sai ya girma ya shiga aji ya furta da kansa. Na farko sun ce alheri yana riga hankali zuwa, kamar yadda nonon uwa ke riga sanin sunanta. Na biyu sun ce alkawarin da ba ka ɗauka ba bai hau kanka ba. Wani malamin tauhidi Ba'amurke, Horace Bushnell, ya wallafa littafi a 1847 yana suka ga masu jiran yaro ya girma cikin duhu kafin wata rana guda ya tuba, yana ganin ya kyautu ɗan gidan masu bi ya tashi bai taɓa sanin kansa a wani hali daban ba. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba. Sai dai mu abin da ya ja hankalinmu shi ne, ɓangarorin biyu sun bar gurbi ga ranar da yaro zai yi magana da bakinsa. Bambancinsu kawai a ina za a sa ruwan, kafin ranar ko bayanta.

Mu da sana'armu harshe da adabi, muna ganin misalin da ya fi kusa da wannan al'amari shi ne harshen uwa. Babu wanda ya zaɓi harshensa. An cusa mana shi tun ba mu san dama da hagu ba, duk da haka ba mu taɓa jin marubuci ya ce kalmomin da ya rubuta na kakarsa ne, ba nasa ba. Harshe yana zama naka ne ranar da ka faɗi da shi abin da ba a koya maka ba, ka yi gardama da shi, ka yi kuka da shi. Hasali ma misalin ya fi haka daɗi a Arewa, domin tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, yaran Birom da Angas da Bura da Kataf da yawa da Hausa suka fara haddace addu'a, harshen da a wancan lokaci ba shi ake yi a ɗakin uwarsu ba. Aro ne a kan aro, amma wanda ya ji tsofaffinsu suna rera waƙoƙin sujada da Hausa, hawaye na zuba, ba zai yi ƙarfin halin ce musu kayan aro suke riƙe da shi ba.

Akwai masu cewa a bar yaro kawai har ya girma ya zaɓa, cewa duk wani abu ban da wannan danniya ce. Maganar tana da daɗin ji, amma ba a renon yaro a fili fetal. Gidan da ba a addu'a shi ma darasi yake koyarwa, titi yana koyarwa, wayar hannu tana koyarwa, ba kuwa tare da neman izinin kowa ba. Duk da haka kada mu yi saurin kore masu wannan ra'ayi, domin sun taɓo wani gyambo. Mun saba cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mukan manta cewa ɗanyen icce ma yana karyewa. Yaron da aka koya wa ayar ƙauna da bulala, ko aka cika masa dare da tsoron wuta, ko aka tsawata masa don ya tambayi dalilin mutuwar ƙanwarsa, ya koyi abu guda sosai, wato yin shiru. Irinsa ne ke cika benci yana ɗan shekara 12, a neme shi a rasa yana ɗan 20, iyaye su ce jami'a ce ta lalata shi, alhali jami'a ba ta yi komai ba illa ba shi wurin da zai faɗi abin da ya daɗe yana haɗiyewa.

Tarihinmu na kusa ya ɗora wannan tambaya a kan mizanin da ba wanda zai so a gwada ɗansa da shi. Ran 19 ga Fabrairu 2018 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar sakandare ta Dapchi a Jihar Yobe. Bayan wata guda, ran 21 ga Maris, suka mayar da mafi yawansu, suka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, domin, kamar yadda abokan karatunta da suka dawo suka shaida, ta ƙi barin addininta. Mai son gardama yana iya cewa tarbiyya ce ta yi magana da bakinta. Haka ne, tarbiyya ce. Amma a wannan wuri babu uwa, babu fasto, babu mai yaba mata, mota tana shirin tashi zuwa gida. In abin da mutum ya riƙe a irin wannan sa'a ba nasa ba ne, to ba mu san abin da za a kira nasa ba. Sai dai muna da ƙorafi ga masu wa'azin da suka mayar da sunanta bulalar dukan yara, suna tambayar 'yan shekara 8 ko za su iya abin da ta yi. Wannan nauyi ne da manya da yawa ba su ɗauka ba, kuma bala'in da ya auka wa gida guda bai kamata ya zama abin ado a bagade ba.

To, wa ke koyar da wannan harshe na bangaskiya? A nan ikkilisiyoyi da dama suka yi tuntuɓe, tuntuɓen kuma yana da tarihi. Makarantar Lahadi da Robert Raikes ya shahara da kafawa a Gulosta ta Ingila a 1780 an yi ta ne domin yaran talakawa masu aikin ƙarfi kwana shida a mako, waɗanda talauci ya hana gidajensu koya musu ko da karatu. Toshe ɓaraka aka yi da ita. Da 'yan mishan suka zo Arewa kuwa, sau da yawa ba su tarar da gidan Kirista da za su dogara da shi ba, sai suka gina nasu. Mishan ta SUM ta buɗe gidan renon 'yantattun bayi a Rumasha a 1909. Dokta Walter Miller ya tara yara a makarantarsa ta kwana a Zariya, ciki har da 'ya'yan Isawa, kafin mishan ta koma Wusasa wajen 1929. Ba a raina abin da wannan reno ya haifar, domin daga Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Amma ya bar wata ɗabi'a, ta ɗaukar cewa tarbiyyar addini aikin ƙwararru ne a wani gini dabam. Da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, sai nauyin duka ya faɗo kan sa'a ɗaya ko biyu na safiyar Lahadi. Mako kuwa sa'a 168 ne. Shi kansa Sabon Alkawari, da ya zo bayanin asalin bangaskiyar Timoti, kakarsa da mahaifiyarsa Afiniki ya ambata, bai ambaci wani aji ba.

In gida ne makarantar, to halin da gidan ke ciki ba ƙaramin zance ba ne, da ruwan ciki akan ja na rijiya. Uban da ke fita da asuba ya dawo bayan yara sun yi barci, da uwar da ke kwana lissafin kuɗin makaranta, ba rashin tsoron Allah ya hana su sujadar iyali ba. A ganinmu a nan ne renon bangaskiyar yaro da tallafa wa iyali suka zama aiki ɗaya. Yaro ba ya karanta tauhidi, fuskokin manya yake karantawa. Mu ɗauki yaron da mahaifinsa ya rasu, a rikici ko a gadon asibiti. Ran jana'iza majami'a ta cika maƙil, an yi waƙa, an yi alkawari. Abin da zai zauna masa a rai shi ne wata na uku, sa'ad da aka daina zuwa gaisuwa, dangin uba suka zo maganar gona, aka koro shi daga makaranta. In a wannan wata ya ga matan Zumunta sun shigo da kwanon masara, wani dattijon ikkilisiya ya zauna da dangin har aka bar wa gwauruwa gonarta, to an yi masa bayanin kalmar da ake ta maimaita masa, cewa Allah uban marayu ne. In kuwa abin da ya gani shi ne ana karanta sunayen masu ba da gudummawar sabon gini, uwarsa ta sunkuyar da kai, shi ma bayani ne, kuma ba malamin Sande Sukul da zai iya goge shi.

Dole mu yaba wa Zumuntar Mata a nan. Su ne ke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, su ne suka san tukunyar da ba ta hau wuta ba. Lokacin da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi a watan Oktoba 2014, dubban iyalai suka watse zuwa Yola da Jos da Kamaru, ba gini ba bagade, abin da ya rage wa yara na ikkilisiya shi ne mutanen da suka buɗe musu ƙofa suka raba tabarma da su.

Amma taimako ma yana da ƙaya. Wanda aka bayar a gaban jama'a, ana kiran suna, yana ciyar da ciki ya kashe fuska, yaro kuwa ba ya manta ranar da aka nuna uwarsa da yatsa. Wanda aka ɗaura wa sharaɗi, sai mai zuwa addu'ar Laraba, yana koya wa yaro cewa ibada ciniki ce. Mafi wuya shi ne batun horo. Yarinya ta yi ciki ba aure, an sa ta a ƙarƙashin horon ikkilisiya, an hana ta jibin Ubangiji, ta koma bencin baya. Ba mu da hurumin ce wa ikkilisiya kada ta tsare dokokinta. Tambayarmu game da abin da ke goye a bayanta ce, wanda bai yi laifin komai ba, wanda kuma daga wannan benci zai fara ganin yadda jama'ar Allah suke. Sau nawa ake tuna wanda ya yi cikin? Sau nawa ake aika wa mai jego da itace da sabulu kamar yadda ake aika wa matar dattijo?

Wata ɗalibarmu ta taɓa ba mu labarin ƙanenta, ɗan shekara 17, wanda ya gama ajin baftisma tare da tsararrakinsa, ana saura mako guda ya ce shi ba zai shiga ruwa bana ba, bai tabbata ba tukuna. Uban dattijo ne a majami'arsu, an riga an ɗinka wa yaron farar riga, an gaya wa dangi. Uwar ta yi kuka, ta ce a kira fasto. Uban ya yi shiru kwana biyu. A rana ta uku ya je da kansa ya ce a cire sunan daga jerin, ya sha kallon da ya san zai sha. Ran baftismar suka tafi bakin rafi tare, suka tsaya cikin 'yan kallo. Da dare ya yi, aka taru sujadar iyali kamar kullum, ya miƙa wa yaron Littafi ya ce karatun yau nasa ne, in yana so. Mun tambaye ta ko ya karɓa. Ta ce ya karɓa ya karanta, amma da aka zo addu'a bai rufe ido ba, uban kuma ya gani, bai ce komai ba.