Shinge Ko Tarko?

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a Yashe da ƙauyukan Kusada da Kankia, musamman idan rani ya shiga, masu lambu suka dasa tumatir da albasa: idan kyanwar maƙwabci ta addabe mu da tonon kwami da cin 'yan tsaki, ko akuyarsa ta tsallaka danga ta cinye zogale, shin muna da ikon ajiye mata shinkafar ɓera?

Bari mu fara da ba mai lambu gaskiyarsa. Guminsa ne, kuma abincin iyalinsa ne. Littafin Fitowa 22:5 ya ɗora wa wanda ya saki dabbarsa a gonar wani nauyin biyan diyya daga mafi kyawun amfanin gonarsa. Al'adarmu ma ta san haka, shi ya sa da damina ta sauka ake shelar a ɗaure dabbobi a turke.

Amma littafin nan dai, a sura 21:33-34, ya juyo kan mai fili: wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, har sa ko jakin wani ya faɗa, shi zai biya. Maimaitawar Shari'a 22:8 kuma ta umarci mai sabon gida ya kewaye soronsa da rawani, don kada alhakin jinin wani ya hau gidansa. Ashe mallakar wuri ba ta sauke mana nauyin abin da muka ajiye a cikinsa.

A nan ne ya kamata mu bambanta shinge da tarko. Darni, da ƙayar bagaruwa, da layin cini-da-zugu, a fili suke, kowa na ganinsu ya ja da baya. Guba kuwa a ɓoye take, aikinta kisa ne, kuma ba ta da ido. Naman da aka barbaɗa wa maganin ɓera bai san kyanwa ba, bai san kaza ba, bai kuma san yaro mai rarrafe ba. Haka wayar da wasu ke haɗa wa wutar lantarki a kan katanga. Waliyyi Toma na Akwino ya koyar cewa ko mai kare ransa ba shi da izinin yin amfani da ƙarfin da ya wuce bukata. Idan haka ne ga rai, ina ga kwamin albasa? Katekisim na Ikkilisiyar Katolika na 1992, a lamba 2418, ya nuna cewa azabtar da dabba ko kashe ta ba bisa larura ba ya saɓa wa darajar ɗan Adam. Maƙwabtanmu Musulmi ba baƙi ba ne ga wannan, gama sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa kashe dabbar wani ko ba ta guba cikin laifin ɓarna. A Ingila, inda muka gaji yawancin dokokinmu na diyya, an yi wata shari'a a 1828 tsakanin Bird da Holbrook. Wani mai lambun furanni da ɓarayi suka dama ya ɗana bindiga da zaren waya, ya ƙi kafa gargaɗi da gangan. Wani saurayi ya haura katangar da yamma don ya kamo ɗawisun maƙwabci da ya tsere, bindigar ta tashi ta same shi a ƙafa. Kotu ta ce mai lambu ya biya diyya, ko da yake saurayin ya shiga ba da izini ba.

Mun lura cewa sau da yawa gubar nan ba don kyanwa kaɗai ake ajiye ta ba. Fushin da muka kasa faɗa wa maigidanta ne muke sauke mata. Ubangijinmu Yesu, a Matiyu 18:15-17, ya shimfiɗa wata hanya dabam: a fara zuwa wurin ɗan'uwa tsakaninku biyu, in bai ji ba a ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sa'an nan a kai wa jama'a. A wurinmu akwai katekis da dattawan coci, akwai mai unguwa da dagaci, kuma alƙali na nan in abin ya gagara. Kafin nan, a ɗaga danga, a shimfiɗa ƙaya a kan kwami, a rufe akurki kafin magariba.