BAITOCIN LAMBA DA SHARHINSU: MAS'ALAR AMANA A ZAMANIN ANNOBA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ku sani tun shekarar 2021 da aka kawo allurar korona ƙasarmu Nijar, tambaya guda take ta dawo mini a bakin zaure: shin wanda ya ƙi allura domin bai amince da masu kawo ta ba, yana da laifi wurin Allah? Na daɗe ina kauce wa amsa, domin ina da nawa kashi a gindi cikin wannan magana. Yanzu da annobar ta lafa, zukata suka huce, na ga ya kamata in faɗi abin da na gano. Na tsara shi cikin baiti shida.

Kai mai gudun lamba tsaya mu zanta,
Na riga ka gudu, na san ɗacin gujewa.

Wanda maciji ya sara ba shi da laifi,
In ya ga tsumma ya zaɓi kewayewa.

Amma fa tsumma ba maciji ne ba,
Ɗauko fitila, zato ba ya isarwa.

Zancen da ba shi da mai shi kar ka ɗauka,
Ko da da muryar kuka ake faɗawa.

Tawakkali a zuci yake da zama,
Bai ce wa hannu ya bar aikin tsarewa.

Malam ka auna abin da za ka furta,
Kalma guda kan hana yaro takawa.

SHARHI

Lamba ita ce sunan da iyayenmu suka sani, tun ba a fara cewa riga-kafi ba. Ni kaina ina ɗauke da tabonta a dantse, na masu yaƙi da agana da suka zo garinmu da wata bindigar allura ina ƙaramin almajiri. Cewar da na yi na riga ka gudu, bayaninta yana zuwa a baiti na shida.

Baiti na biyu uzuri ne, kuma na fara da shi da gangan, domin masu kiran mutanenmu jahilai ba su yi adalci ba. A 1995, cikin annobar sanƙarau, an yi wa fiye da mutum 50,000 a Nijar allurar jabu wadda babu magani a cikinta, ta shigo da sunan taimako. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan cikin yara 200 masu sanƙarau a Kano, rabinsu aka ba su shi, rabi aka ba su wani. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2011 'yan leƙen asirin Amurka suka fake da aikin riga-kafi a garin Abbottabad na Pakistan suna neman Usama bin Ladan. A watan Afrilu 2020 kuwa, korona tana cin mutane a Turai, wasu likitoci biyu a talbijin ɗin Faransa suka yi zancen a zo Afirka a yi gwaji, kamar masu zancen gonar gado.

Ga kuma abin da talaka ya gani da idonsa. An rufe masallatai a watan Maris 2020, azumi ya kama babu jam'i babu tarawihi, har aka yi tarzoma a Yamai da wasu garuruwa, sai cikin Mayu aka buɗe. Mutum ya duba unguwarsu bai ga gawar korona ba, alhali kowace damina yana binne yaran da zazzaɓin sauro ya ɗauke. In ya kai ɗansa likita sai a rubuta masa takarda ya je ya saya. Sa'an nan a biyo shi har gida da allura kyauta, ta cutar da bai gani ba. In ya tambayi dalili, hankali ne ya yi aiki. Amana kamar tukunyar ƙasa take, wanda ya fasa ta ba shi da bakin zagin mai ɗaukar ruwa da tafin hannu.

To amma uzuri yana da iyaka, shi ne baiti na uku da na huɗu, kuma a nan nake son ku tsaya da ni.

Mu mutanen isnadi ne. An yi zamanin da maƙaryata suka ƙirƙiri dubban hadisai suka jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Babu cin amanar da ya kai wannan. Me malamanmu suka yi? Da sun ga dama da sun ce tunda ƙarya ta shiga, a watsar da hadisi duka. Sai ga irin su Yahaya ɗan Ma'in da Imamu Buhari sun zauna suna bin mai ruwaya ɗaya ɗaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun sadu kuwa, an taɓa kama shi da ƙarya? Ibnul Jauzi ya tara na ƙarya a littafi dabam domin a san su. Ga fitilar da nake nufi. Wanda aka ci amanarsa, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ƙara bincike. In ya ce daga yau kowa maƙaryaci ne, ya sauke wa kansa wahalar bincike ne kawai, ya sa wa kasala rigar tsantseni.

Mu haska fitilar mu gani. Trovan magani ne da aka bai wa marasa lafiya, ba lamba ba ce. Allurar jabu ta 1995 ma'aikatan lafiya ne suka gano ta suka tona, kuma illarta ita ce ta bar mutane babu kariya, watau hujja ce a kan amfanin ta gaskiya. Agana, wadda ta makantar da kakanninmu ta ɓata fuskokinsu, an ga mai ita na ƙarshe da ya ɗauka a cikin jama'a a Somaliya a 1977, aka yi shelar ƙarewarta a 1980. Wa ya ƙara ganin mai zanen agana cikin samarin yau? Sanƙarau nau'in A, mai zuwa da zafin bazara, ya kusa ɓacewa bayan lambar da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, ko da yake wani nau'in, C, ya yi ɓarna a Yamai a 2015. Asalin dabarar ma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi: a Istanbul matar jakadan Ingila ta ga ana tsaga fata ana sa ɗan ruwan agana, ta sa aka yi wa ɗanta a 1718, tun Jenner bai fito da tasa ba a 1796. Hikimarta guda ce, a nuna wa jiki kamannin maƙiyi ba tare da ƙarfinsa ba, domin ranar da ya zo da gaske ya tarar an san shi.

Ba na ɓoye muku abin da ke cikin allurar korona na aibi. Ba ta hana kamuwa ɗungum, amfaninta mafi girma shi ne rage tsanani da mutuwa, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Tana sa zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu. Ta AstraZeneca an same ta da haddasa daskarewar jini ga wasu 'yan ƙalilan ƙwarai, hukumar magunguna ta Turai da kanta ta bayyana haka a Afrilu 2021. Ni wannan bayyanawa ta ƙara mini natsuwa, domin mai ruwayar da yake faɗin kuskurensa ya fi wanda bai taɓa kuskure ba a bakinsa.

Yanzu a kawo ɗaya ɓangaren a ɗora a kan wannan ma'auni. Murya ce take shigowa wayarka ta WhatsApp, wani yana kuka yana rantsuwa, wai duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu, wai tana hana haihuwa. Wane ne shi? Ba suna. A wane gari? Ba gari. Daga wa ya ji? Daga wani likita. A ilmin hadisi wannan ko raunana bai kai ba. An yi allurar fiye da sau biliyan 13 a duniya, shekara biyun ta wuce, ga mu. Zancen hana haihuwa kuwa tun 2003 muke jinsa game da ɗigon shan-inna, kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokaci su ne yau suke wucewa ta ƙofar zaurena da goyo. Abin mamaki, mutumin da ya ƙi amincewa da lokotoron garinsu, wanda ya san ubansa ya san gidansu, shi ne ya amince da muryar da bai san mai ita ba. Ashe bai daina amincewa ba, wurin ajiyar amanar ya sake.

Baiti na biyar ba ya bukatar dogon zance ga wanda ya san ƙissar Sayyidina Umar. Ya nufi Sham, a Sarag aka tare shi da labarin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, ya yanke komawa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora. Mu ma kullum haka muke yi, muna kulle shago, muna sa taki, muna karɓar allurar sanƙarau ba gardama idan za mu Hajji domin ba a shiga Makka sai da ita.

In ka ce: ai akwai bayin Allah da suka bar magani don tawakkali. Sai in ce: haka ne, kuma ba na taɓa maƙaminsu. Amma jikinsu suka bari, cutar da ba ta tsallaka wa kowa. Annoba ba ta tsayawa ga mai ita. Yaro kuma amana ne a hannun waliyyinsa, shari'a ba ta yarda waliyyi ya yi kyauta da dukiyar maraya ba, balle da lafiyarsa. Ba a yin tawakkali da ƙafar wani.

Saboda haka amsata ga mai tambaya ita ce: wanda ya ji tsoro, ya nemi masana na gaskiya bai samu mai yi masa bayani ba, ya janye, ina kyautata masa zaton uzuri, nauyin yana kan waɗanda suka ɓata amanar da waɗanda suka yi masa tsawa maimakon bayani. Ban kuma ga alheri cikin tilasta wa baligi da sanda ba, tilas tana haifar da ɓoyo. Wanda kuwa aka kawo masa fitila ya runtse ido, ko ya tura wa jama'a abin da bai tabbatar ba, wannan ya ji tsoron tsayuwarsa gaban Allah.

Sai baiti na shida, wanda saboda shi na rubuta sauran.

A 2003 labari ya zo mana daga Kano cewa an dakatar da ɗigon shan-inna, ana zargin an sa masa abin hana haihuwa. Mu nan ƙasar Maraɗi abin da aka faɗa a Kano da safe kafin la'asar ya iso. Bayan karatun dare wani maƙwabcina, mai sauraron karatuna, ya ce, "Allah gafarta Malam, masu ɗigo za su zo gobe, me ka gani?" Ban bincika ba, ban tambayi kowa ba. Na ce masa ni dai ba zan ba da nawa ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan, ban ce haramun ne ba. Amma na san yadda maganar malami take sauka a kunnen almajiri. Ya ɓoye 'ya'yansa a rumbu. Kano ta koma yin ɗigon a Yuli 2004 da wanda aka sayo daga Indunusiya, amma kafin nan cutar ta fantsama ƙasashe da dama, daga baya ta kai Sudan da Yaman da Indunusiyar kanta. Cikin wannan tsakani ɗansa mai shekara biyu ya yi zazzaɓi, ya tashi ƙafafunsa biyu sun saki.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina ƙaddara ce. Ƙaddara ce kuwa, kamar yadda makiyayin da ya kora garke gefen da babu ciyawa da ƙaddara ya kora, amma mai raƙuma zai tambaye shi. Ran 25 ga Agusta 2020 na ji a rediyo an ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji, mutane suna murna, ni kuwa na kasa cin tuwo.

Da aka fara allurar korona a ƙarshen Maris 2021, wannan karon na yi abin da ban yi ba a da. Na kira wani ɗan unguwarmu ma'aikacin lafiya, na zaunar da shi dare uku ina tambaya, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Sa'an nan na tafi da rana tsaka na miƙa dantse, kusa da tsohon tabon agana, almajirai suna kallo. Wasu suka bi ni, wasu suka ce an saye Malam. Ban yi fushi ba, ni na koya musu.

Daga can na wuce kasuwa wurin yaron. Ya zama saurayi, yana gyaran waya a rumfa, kekensa na hannu a jingine. Uban ya riga mu gidan gaskiya. Na tsuguna na faɗa masa abin da ya gudana a daren nan, na nemi gafararsa. Ya yi shiru yana juya wata waya a hannu, sa'an nan ya ce, "Baba Malam, tashi, kada mutane su gan ka haka. Na yafe." Na je gidan na yi sallama ga mahaifiyarsa, na maimaita mata daga bakin ƙofa. Ta amsa sallamar, ta tambayi mutanen gida, ta sa aka kawo mini ruwa. A kan abin da ya kawo ni ba ta ce kome ba, har yau kuma ba ta ce ba.